Tagwayen Kalmomin Turanci Da Ke Kayar Da 'Ya'yanmu

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da ɗalibai na ƙungiyarmu a Tagwai, Minna



Shugabannin ƙungiya sun nemi mu yi magana a kan abin da ke kayar da 'ya'yanmu a jarrabawar Turanci, suka kuma ce a yi ta da Hausa domin iyaye su ji, kada abin ya tsaya tsakanin malami da ɗalibi kawai. Abubuwan da yawa suke, yini guda ba zai ishe su ba. Saboda haka muka ɗauki guda ɗaya, wato waɗansu 'yan ƙananan kalmomi da ba su wuce harafi 2 zuwa 4 ba: IN, ON, AT, TO, INTO da ONTO. Waɗanda suka zauna a zaure suka biya Ajurumiyya sun san danginsu, su ne haruffan jarra na Larabci, irin su fi da ila da ala. Cikin manyan ayyukansu akwai tsayawa gaban suna su nuna ko abu zaune yake a wuri, ko kuwa tafiya yake yi zuwa wurin. Tun da a Tagwai muke, bari mu ce musu tagwaye, domin bibbiyu suke tafe: IN da INTO, ON da ONTO, AT da TO. Kamarsu ɗaya, halinsu daban. Hasan mai zama ne, Husaini mai tafiya.

Wani zai ce, duk manyan kalmomin da ke cikin ƙamus, sai a kan waɗannan 'yan tsaki za a tara mutane? To, ƙaya ma ai ba ta da girma, amma ita ke tsai da mai kaya a hanya. Kakanninmu da suka fara sauka a wannan ƙasa ta Gbagyi, waɗanda bakinmu ya saba kira Gwari, da yawansu aikin dogo da cinikin da ya biyo bayansa ne suka kawo su, tun lokacin da aka shimfiɗa layin Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, sa'an nan layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗe da shi a nan Minna. Su Hausa ta ishe su a kasuwa da tasha, Turanci kuwa aikin akawu ne. Amma tun da aka yi Jihar Neja a 1976 Minna ta zama hedkwata, al'amari ya sake. Ofisoshi suka cika gari, a 1983 aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya, a 1999 kuma gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa hukumar jarrabawa ta NECO da hedkwatarta a cikin garin nan. Wato ga jami'a ga masu jarrabawa, duk a ƙofar gida. Amma jami'a kiredit 5 take nema, kuma dole Turanci da Lissafi na ciki. Yaron da Turanci ya kayar, ko ya cinye sauran darussa, sai dai ya leƙa Gidan Kwano ta bayan katanga.

Ku ji yadda makin ke zubewa. A jarrabawar WAEC, wasiƙa ko insha'in da yaro zai rubuta kalmomi 450 ake so, maki 50 ne a kansa, an ware 10 daga ciki domin tsabtar nahawu da rubutu, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Ku lissafa da kanku: kuskure 20, goman nan ta tafi. A cikin kalmomi 450 kuwa, da wuya yaro ya yi layi biyu bai taka ɗaya daga cikin tagwayen nan ba.

Laifin ba na ƙwaƙwalwar yaran ba ne, iyaye ku daina zaginsu a kan wannan. Ginin harsunan biyu ne ya bambanta. Ku saurari waɗannan jimloli huɗu: Audu yana Minna. Audu ya tafi Minna. Audu ya isa Minna. Audu ya bar Minna. Kun ji wata kalma tsakanin aikin da sunan garin? Babu. Bahaushe bai bukace ta ba. Bature kuwa a ta farko zai sa IN, a ta biyu TO, a ta uku ya koma IN idan ARRIVE ya ɗauka, a ta huɗu ya bar wurin fili kamar mu. To yaron da ya tashi da Hausa a baki, ina zai san inda ake sa wa da inda ake bari, idan ba an nuna masa ba?

Dalilin shi ne mu a cikin aikatau muke zuba tafiyar. Shiga, fita, hau, sauka, ƙetare, ratsa, wuce, kewaye: kowace da kanta ta faɗi inda aka nufa. Har ma mukan ƙara wasali guda ɗaya mu juyo da tafiyar wajenmu, fita ta zama fito, shiga ta zama shigo, sauka ta zama sauko. Wani Baturen Ingila da ya koyar da Hausa a Landan, F. W. Parsons, da ya kasa aikatau ɗin Hausa aji 7 a 1960, wannan mai ƙarewa da wasalin o shi ne aji na 6. Wani masanin harsuna kuma na Amurka, Leonard Talmy, ya nuna a 1985 cewa harsunan duniya sun rabu a kan wannan batu: waɗansu, kamar Faransanci da Sifaniyanci, suna sa hanyar tafiya a cikin aikatau, waɗansu kuma, kamar Turanci da Jamusanci, suna sa ta a wata 'yar kalma da ke biye. Hausa ta fi kusa da na farko. Wato 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke karatu da Faransanci, a wannan fanni dai, sun fi mu samun sauƙi.

Ga misali. Mu sai mu ce yaro ya shiga gida da gudu. Shiga ce uwar magana, gudu ɗan rakiya ne. Bature sai ya juya ta, ya ce "The boy ran into the house." Gudun ya zama uwa, shigar tamu gaba ɗaya ta ƙanƙance ta koma cikin INTO. Idan yaronmu ya rubuta "The boy ran in the house," ya yar da shigar ke nan, abin da ya faɗa shi ne yaron yana cikin gida tun farko, yana ta zagaye tsakar gida a guje. Harafi biyu kacal ya bari, amma labarin ya zama wani.

To, yaya yaro zai gane? Ma'aunin yana cikin Hausarsa, bai sai ya je nesa ba. Muna da wata 'yar kalma, a, wadda ba mu cika lura da ita ba. Ku kwatanta: akuya ta faɗa cikin rijiya, da kuma tsoho ya faɗi a cikin ɗaki. Akuyar daga waje ta fito ta ƙetare bakin rijiya, babu a, wannan INTO ce. Tsohon yana ɗaki tun da fari, a nan ya faɗi, akwai a, wannan IN ce. Haka kyanwa ta yi tsalle ta hau rufi, ONTO. Kyanwa tana tsalle a kan rufi, ON. Kafin yaro ya rubuta jimlar Turanci, ya fara faɗarta a zuciyarsa da Hausa. Idan ya ji a, ko ya ji yana, tana, suna, to Hasan ne, mai zama. Idan ya ji shiga, hau, faɗa, nufi, to Husaini ne.

Amma fa mu gaya muku gaskiya, Turawan kansu ba kullum suke kiyaye wannan iyaka ba. Da aikatau irin PUT da FALL da JUMP da THROW, a maganar yau da kullum sukan ce "Put it in the bag," ko "He fell in the river," kuma shiga suke nufi. Abin mamaki, a wajen sa abu mu ma a nan ne ma'auninmu ke yin sanyi, domin mukan ce ya sa kuɗi a aljihu, ya zuba ruwa a tulu, da a ɗinmu, alhali motsi ne. A irin wannan wuri duka biyun daidai ne. Shawararmu ga ɗalibi ita ce, duk inda abu ya ƙetare iyaka ya shiga, ya rubuta INTO, domin ita ba ta da fuska biyu, mai gyaran takarda ba zai sami abin ja wa jan biro ba. Amma da WALK da RUN da SWIM da DRIVE babu sassauci ko kaɗan.

Ɗan tarihi kaɗan, don a san abin ba mugunta ba ne. Turancin da, na kafin Normawa daga Faransa su ci Ingila a 1066, yana sauya ƙarshen suna kamar i'irabin Larabci. IN ɗaya ce, amma ƙarshen sunan da ke biye da ita shi ke nuna zama ne ko tafiya, kamar yadda Jamusanci ke yi har yau. Da waɗannan alamomi suka goge, sai TO da ake liƙa wa IN ta ɗauki aikin. ONTO kuwa auta ce, mutanen Ingila sun daɗe suna rubuta ta rabe, waɗansunsu har yanzu. Sai dai akwai inda dole a raba: "We drove on to Suleja" na nufin mun ci gaba da tafiya har Suleja. Wanda ya haɗe su ya ɗora motarsa a kan garin.

Wannan ita ce tambaya ta farko, zama ne ko tafiya. Ta biyu ta fi wahala. Idan an tabbata zama ne, wanne za a ɗauka cikin IN da ON da AT, tun da mu duka ukun a muke ce musu? A kasuwa, a tebur, a Bosso, a mota, a rediyo. Burokan da yaranmu ke ji a Mobil da Kasuwar Kure kuma bai taimaka ba, domin shi ma kalma ɗaya gare shi, FOR, da ita ake zama a gida, da ita ake ajiye kaya a tebur.

Nan ma Hausa ta tanadi magani. Kalmominmu na wuri daga jikin mutum muka ciro su: ciki, kai, baki, baya, gaba, gindi. Cikin ɗaki, kan tebur, bakin hanya, bayan gida, gindin bishiya. To yaro ya matsa wa a ɗin nan ta fito da abin da ta ɓoye. A cikin ne? IN ke nan. A kan ne? ON. A bakin ne, ko a wurin, ko a gun? AT. Ita AT ba ta damu da ciki ko waje ba, ɗigo ne kawai a taswira, wurin da za a ce mu haɗu.

Mu gwada da dam ɗin nan namu, wanda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 domin shayar da Minna. Uwa tana neman ɗanta, aka ce mata "He is at the dam." Sai ta kwantar da hankali, yana bakin dam, watakila kallon masunta yake yi. Aka ce "He is on the dam," to yana bisa ginin da ya tare ruwan. Aka ce "He is in the dam," sai ta yar da muciya ta fita da gudu. A Hausa ba wanda zai rikita bakin dam da kan dam da cikin dam, amma da an ce yana dam, an dunƙule su wuri ɗaya, kuma dunƙulallen ne yaro kan ɗauka ya kai Turanci. Af, tun da mun zo nan: a Turancin Ingila DAM ginin ne kawai, ruwan da ya taru RESERVOIR ake ce masa, ko LAKE. Mu ne a nan, da mutanen Afirka ta Kudu da Ostireliya, muke kiran ruwan ma da sunan ginin.

Akwai wata tsohuwar doka da har yanzu ake haddatar da yara, wai IN ta babban gari ce, AT ta ƙauye. Ba mu yarda da ita ba, tana ɓatar da yara fiye da yadda take shiryar da su. Girman gari ba shi ne ba, yadda mai magana ke kallon garin shi ne. Wanda ke zaune a Tagwai, komai ƙanƙantarta, tana kewaye da shi, sai ya ce "I live in Tagwai." Direban da ya taso daga Kontagora zai tafi Abuja, Minna duk girmanta zango ce a wurinsa, sai ya ce "We stopped at Minna." Wajen rubuta adireshi kuwa tsani ne mai hawa uku: AT ga lambar gida, ON ga titi, IN ga unguwa da gari. AT lamba kaza, ON Bosso Road, IN Tunga. Littattafan Ingila na da sukan sa IN ga titi, wannan ma ba kuskure ba ne.

Abin hawa shi ma yana da nasa. Mu kan ce a mota, ko mun shiga mota, ko mun hau. Bature ya duba: idan abin hawa ne da mutum zai iya miƙewa ya taka a ciki, bas ko jirgin ƙasa ko jirgin sama, ON ce, hawa GET ON, sauka GET OFF. Idan na sunkuyawa ne a zauna, ƙaramar mota ko tasi, IN ce, shiga GET INTO, fita GET OUT OF. Babur da keke da jaki, tun da bisa ake ɗarewa, ON. A ƙasa kuwa ON FOOT. Babbar mota tana cin biyun: wanda ke gaba kusa da direba yana IN, yaron mota da ke bisa lodin doyar Paiko yana ON, kuma ranar da aka yi haɗari aka zo rubuta rahoto, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Su "enter bus" da "I will drop here" da "Oga is not on seat" kuwa Turancinmu ne na Nijeriya. A tasha da ofis sun isar da saƙo, ba mu raina su ba, amma kada yaro ya kai su ɗakin jarrabawa.

Sai waɗanda ba su son rakiya. ENTER daga Faransanci Turawa suka aro ta, ta zo da shigarta a ciki kamar tamu, shi ya sa "He entered the room" ake cewa, babu INTO, sai dai idan yarjejeniya aka shiga, "enter into an agreement." REACH ma haka, "We reached Bida." HOME ba ta karɓar TO, "Go home." ARRIVE kuwa, wadda ta fi kowa kayar da yara, asalinta a Latin isa bakin gaɓa ne, wato ku ɗauka ta riga ta haɗiye TO ɗinta, hanya ce mai sauƙi ta tunawa. Abin da ya rage mata sai na zama: ARRIVE IN ga gari ko ƙasa, ARRIVE AT ga tasha ko makaranta ko filin jirgi. Maniyyaci ARRIVE IN Makka, ba TO ba.

Yanzu, iyaye, ku matso, wannan ɓangaren naku ne, domin ya wuce maganar maki. Mutum ya je ofishin 'yan sanda ya ba da bayani da Hausa, amma da Turanci za a rubuta, kuma abin da aka rubuta shi ne zai je gaban alƙali. Mai rubutun watakila Hausar ba tasa ba ce, Turancin ma ba nasa ba ne. A tsakanin harsunan nan ne tagwaye ke yin ɓarna.

A ce an yi sata a shago. Aka tambayi mutum, ina kake da la'asar? Ya ce ina shagon, yana nufin yana zaune kan benci a bakin shago tare da 'yan majalisa, kamar kullum. Idan aka rubuta "I was at the shop," an faɗi abin da ya faɗa. Idan aka rubuta "I was in the shop," an shigar da shi inda kayan suka ɓata, da sa hannunsa a ƙasa.

AT ɗin nan da muka ce ta zama ce, idan ta bi bayan aikatau na motsi sai ta zama ta faɗa. "He threw the stone to me," ya jefo mini dutsen ne in cafe. "He threw the stone at me," ya jefe ni. SHOUT TO ƙwala kira ne, SHOUT AT daka tsawa. Mafi haɗari, ku da kuke sana'ar fawa ku riƙe wannan: "He came to me with a knife" na nufin ya zo wurina da wuƙa, watakila wasawa ya kawo, watakila aro ya mayar. "He came at me with a knife" na nufin ya yo kaina da wuƙa. Hausa ta raba su sarai, wurina da kaina, ba mai rikita su. A Turanci haruffa biyu ne suka tsaya tsakanin maƙwabci da mai laifi. Haka direba: DROVE TO the shop, ya je shagon da mota, DROVE INTO the shop, ya afka masa.

Akwai kuma na ban dariya da ba dariya ba. Yaron da ubansa gandiroba ne ya cika fam ya rubuta "My father is in prison," ya ɗaure uban nasa ke nan. "He works at the prison" ya kamata, ko da yake tun 2019 hukumar ta koma ta gyaran hali. Haka IN HOSPITAL a Turancin Ingila kwance ne ba lafiya, AT THE HOSPITAL kuwa dubiya ce ko aiki.

Doka ba ta bar mu haka ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a samo masa tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 kuma ta ce idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta bayanin, ya karanta masa har ya fahimta, kafin ya sa hannu. To idan ana karanta muku, kada ku tsaya ga jin gundarin labari kawai kuna gyaɗa kai. Ku tsai da mai karatu a wurin da ya ambaci wuri, ku ce: malam, ciki ka rubuta ko baki? Wurina ka rubuta ko kaina? Ba rashin kunya ba ne, kuma ba sai kun iya Turanci za ku yi wannan tambaya ba.

Takardar fili da gona ma haka. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gida, yawancin filayen da muke zaune a kai daga hannun masu masaukinmu muka same su, kuma zaman lafiyarmu da su ya fi filin tsada. Dattawan da suka taka iyaka da ƙafa suka ce daga ɗorawa zuwa rafi, wata rana ba su nan, takarda ce za ta yi magana da jikokinsu da namu. UP TO the stream, iyaka ta tsaya a bakin rafi. ACROSS ko BEYOND the stream, ta ƙetare, irin ƙetaren da muke ji a sunan Ƙetaren Gwari. ALONG the stream, ta bi gefensa ta miƙe. Wanda ya ba ɗan makaranta rubutun yarjejeniya don gudun kuɗin lauya, to aƙalla ya sa a mayar masa da waɗannan kalmomi Hausa ɗaya bayan ɗaya a gaban shaidu na ɓangarorin biyu.

Na waya da banki ba za su ɗauke mu lokaci ba, haddacewa kawai suke so. ON the phone, ON the radio, ON Facebook, ON WhatsApp, amma IN the newspaper, IN the book, IN the picture, sai kuma ON page kaza. Kuɗi PAY INTO asusu, SEND TO mutum, idan sun shiga sun zauna suna IN.

Malamai, roƙonmu gare ku shi ne ku rage jera wa yara waɗannan kalmomi a allo suna rerawa kamar karatun sha-biyu. Ba a koyon su a jere, a cikin motsi ake koyon su. Ku kuma bar yaro ya fara da Hausarsa ko Gbagyinsa ko Nufancinsa, ya ga inda harshensa ya ɓoye tafiyar, sa'an nan ya nemo ta a Turanci. Hana yaro harshen gida a aji, a wannan darasi dai, raba shi ne da ma'aunin da ke hannunsa.

Iyaye mata kuwa, ko ba ku taɓa shiga aji ba kuna da aikin yi, kuma kayan aikin suna tsakar gida. Ku sa yaro ya ɗauki moɗa ya jefa cikin bokiti, ya faɗa da Turanci. Ta zauna a ciki, ya sake faɗa. Ya ciro ta ya ɗora kan turmi, ya faɗa. Ku kunnenku kawai za ku kasa: lokacin da abin ke motsi ya kamata ku ji wutsiyar nan ta TU a ƙarshe, INTU, ONTU, da ya tsaya, wutsiyar ta ɓace. Idan kuka ji ta a wurin zama, ku ce sake.

Manyan ɗalibai kuma ga aikin gida, ku kawo shi a taro mai zuwa. Ku bi ruwan Tagwai da alƙalami har ya iso gidanku, kowane zango da kalmarsa. Yana kwance IN the reservoir. Ya taso FROM Tagwai TO matatar ruwa da ke AT Chanchaga. Ya zuba INTO tankuna, ya bi THROUGH bututu, ALONG hanyar Paiko, UNDER kwalta, PAST makarantarku, TOWARDS unguwarku. Ya fito OUT OF famfo, INTO bokiti, idan ƙanwarku ta yi sakaci ya malala ONTO daɓe. Waɗanda famfon unguwarsu ya daɗe bai kawo ba, kada su ce ba su da abin rubutawa, su bi ɗan garuwa: jarkoki suna ON kura, ruwa yana IN jarkoki, shi kuma yana tsaye AT ƙofar gida yana jiran kuɗinsa.

Shugaba, lokacin da aka ba mu ya cika. Masu tambaya sai su ɗaga hannu.